Makulli a Cikin Firij

Noemi Serna ba ta iya zama ba. Duk wanda ya san ta a Albuquerque ya san wannan tun kafin ya san sunan fim ɗinta ko ɗaya. A tsaye take cin abinci, a tsaye take rubutu, idan kuwa dole ta sa ta hau kujera sai ka ga ƙafarta tana rawa kamar ta tela a kan keken ɗinki. Idan ta zo gaishe ka, makullin mota na hannunta tun daga gaisuwa har ban kwana, tana kaɗa shi a yatsa, ka rasa ko zuwa ta yi ko tafiya za ta yi. Mahaifiyarta, marigayiya Delfina, takan ce wannan yarinya da takalmi a ƙafa aka haife ta.

Da wasan dandali ta fara tun tana makaranta, daga nan ta tafi Los Angeles tana ganin duniya ita take jira. Ta yi shekaru a can ana ba ta fitowar 'yar aiki mai goge daɓe, ko ta uwa mai kuka a ƙofar kotu, maganarta ba ta wuce jimla biyu. Ranar da wani darakta ya ce ta ƙara karya harshe don ta yi kama da baƙuwa, alhali kakannin kakanninta a bakin kogin garinsu aka binne su, ranar ta tattara komatsanta ta dawo gida. Ta ce tunda babu mai rubuta mata abin kirki, ita za ta rubuta, ita za ta ba da umarni, kuma ita za ta fito. Ta yi fim biyu a haka. An nuna su a ƙananan bukukuwan fina-finai, a ɗakunan da rabin kujerun babu kowa, an tafa mata, har wani ɗan jarida ya rubuta cewa a sa mata ido. To, ana ta sa mata idon har ta haura arba'in, tana tallar katifa a talabijin don ta riƙe kanta.

Fim na uku labarin wata mata ne da ta dawo gidansu bayan an binne uwarta, ta kasa zama a cikinsa. Duk wanda ya karanta labarin ya gane wa ake nufi. Ita kaɗai ke rantsuwa cewa ƙirƙira ce zalla. Kuma da aka zo neman kicin ɗin da za a ɗauka, sai aka wayi gari babu kicin a faɗin jihar da ya yi mata sai na mahaifinta.

Eloy Serna tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ke wanke kofinsa da zarar ya gama shan kofi. Ya saurare ta tana zagaya tebur tana zuba bayani, ya ce ya ji. Zai tafi wurin ƙanensa Tobias a Belen, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ya bar musu gidan har ƙarshen mako.

“Ku juya komai yadda kuke so,” in ji shi. “Tebur, kujeru, labule, ko hoton aurenmu ne ku sauke. Firij ɗin nan dai ban yarda a taɓa shi ba.”

“Haba Baba, wa zai taɓa maka firij? 'Yan fim ne mu, ba ɓeraye ba.”

“Na taɓa ganin 'yan fim suna cin abinci. Gara ɓerayen.”

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta san abin da yake nufi. A saman firij ɗin, wajen ƙanƙara, akwai tamale na ƙarshe da Delfina ta yi a Kirsimetin da ba ta sake ganin wani ba. Ta yi su da yawa kamar mai ciyar da 'yan biki: ƙullin masara da nama da jan barkono, kowanne a naɗe cikin ɓawon masara, an ɗaure bakinsa da zaren ɓawon. Masu ƙulli ɗaya na Eloy ne, marasa yaji sosai, don cikinsa ba ya ɗaukar barkono. Masu ƙulli biyu na Noemi ne, ita da ke cin yaji har gumi ya keto mata. A wannan Kirsimetin Noemi ba ta zo gida ba, tana can wani bikin fina-finai a arewa tana jiran kyautar da aka ba wani. Kafin sanyi ya wuce Delfina ta rasu.

Tun daga nan Eloy yake tattalin su. Ranar haihuwarta, ranar aurensu, ko ranar da kewa ta kai masa wuya, sai ya ciro guda ɗaya ya turara, ya zauna ya ci shi kaɗai. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ce wa Noemi ta tsaya ya turara mata nata. Kullum amsar ɗaya ce: “Wani zuwan, Baba, sauri nake yi.” Gaskiyar magana tsoronsu take ji. Ta san in ta kai ɗaya baki kuka za ta yi, kuka kuwa ba a yin sa a tsaye da makulli a hannu.

Su uku ne ma'aikatan fim ɗin har da ita, in ka cire 'yan wasan da ke zuwa su tafi. Lorna ce mai kyamara, doguwar mata mai furfura da ba ta rabuwa da cingam. Wendell ne mai ɗaukar sauti, ɗan ƙabilar Navajo, mutumin da ya shekara ashirin da abin sauraro a kunne har ya zama yana jin motsin cikin mutum daga ɗaki na gaba. Ranar da suka kafa kaya a kicin, Wendell ya ɗaga makirfo, ya lumshe ido, ya yi shiru, sannan ya girgiza kai.

“Ranki ya daɗe darakta, firij ɗin babanki minshari yake yi.”

“Ka share shi daga baya mana, wajen tacewa.”

“In na share shi zan share rabin muryarki. Kodayake wasu za su ce gyara ne.”

Lorna ta tuntsire da dariya. Noemi ta kasa kunne, sai yanzu ta ji ƙugin da ta tashi a cikinsa tun tana yarinya har ta daina jin sa. Ta dubi firij, ta dubi agogo, ta dubi hasken da ke shigowa ta taga wanda ba zai jira kowa ba.

“Na yi masa alkawari ba za a taɓa shi ba.”

“Ai ba taɓawa za mu yi ba,” in ji Lorna. “Hutu za mu ba tsohon. Awa biyu uku, ko ƙanƙarar ba za ta sani ba.”

Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Duk gidan da aka shiga ɗaukar fim sai an zare wayar firij, kuma an daɗe da gane cewa ɗan fim in ya gaji ko sunan kansa mantawa yake yi. Shi ya sa aka yi wa abin dabara: wanda zai fita ƙarshe, a sa makullin motarsa a cikin firij. In an tashi ya laluba aljihu bai ji komai ba, dole ya dawo ya buɗe firij, ya ga duhu a ciki, ya tuna ya mayar da waya. Wendell ya miƙa mata tafin hannu.

“Makulli, ranki ya daɗe.”

Ta ba shi kamar mai ba da haƙorinta. Ya ajiye shi kusa da kwalin madara, ya rufe, ya sunkuya ya zare waya. Kicin ya yi tsit, irin shirun da Noemi ba ta taɓa ji a gidan ba. Ta yi maza ta ce a fara.

Aikin ya tafi daidai har bayan azahar. Suna cikin sauya fitila Lorna ta dubi wayarta ta daina taunar cingam. Fitowar ƙarshe ta fim ɗin a daji za a yi ta, can kudu, a wani tsohon gidan kiwon shanu, kuma Noemi ta rubuta ta da hadari: matar za ta tsaya jikin mota, sama ta haɗe a bayanta. Sun yi makonni suna jiran hadarin. Yanzu masu hasashen yanayi sun ce gobe da yamma zai sauka a can, bayansa kuma sama za ta bushe, kyamarar haya kuwa ranar Litinin mai ita ke son kayarsa.

Kafin Lorna ta rufe baki Noemi ta fara naɗe waya. “A bar kicin, ba gudu zai yi ba. A loda kaya, yau za mu kwana can.”

Aka shiga guje-guje. Tsohuwar motar Lorna mai ɗaukar kaya ita ce motar matar a cikin fim, don haka a cikinta za su tafi gaba ɗaya, motar Noemi ta kwana a ƙofar gida. Tana waya da mai gidan shanun, kafaɗa ta danne wayar a kunne, hannu ɗaya da jakar sutura, ɗaya da sandar fitila, Wendell ya leƙo daga bayan mota ya ce, “Kin ɗauko makullinki?” Ta gyaɗa masa kai ba tare da ta ji me ya ce ba, kamar yadda take gyaɗa wa kowa kai tun tana 'yar shekara goma. Ta ja ƙofa da ƙafa, ƙofa ta kulle kanta. Waɗanda suka ƙirƙiro dabarar makulli sun yi tunanin mai mantuwa, amma ba su yi tunanin mutumin da saurinsa zai sa ya manta yana da mota ba.

Washegari da hantsi suna tsakiyar daji, babu komai sai jar ƙasa da ƙaya da wani tankin ruwa a kan tudu. Suka ce bari su gwada fitowar kafin hadari ya zo. Abin da aka rubuta shi ne, matar za ta fito daga gida da sauri, ta sa hannu a aljihu ta ciro makulli, ta tsaya ta kasa buɗe mota. Noemi ta ce a fara, ta fito da saurinta, ta cusa hannu a aljihu. Makullin Lorna ta taɓa, mai ɗan kifin roba a jiki. Yatsunta suka nemi nauyin da suka saba da shi ba su samu ba, suka lalubi ɗaya aljihun, sai ta tuna. Ta ga kwalin madara, ta ga hannun Wendell yana rufe firij, ta ga wayar a yashe a ƙasa.

Ta ƙame a wurin. Da yake ita ce mai cewa a yanke, babu wanda ya yanke. Kyamara ta yi ta ɗauka, Lorna ta manne ido a kanta tana cewa a ranta yau Noemi ta zama 'yar wasa. Wendell ne ya sauke makirfo, don ya ji yadda numfashinta ya sauya.

“Makullina,” in ji ta. “Yana cikin firij.”

Lorna ta ɗago kai. Wendell ya cire abin kunnensa a hankali ya rataya a wuya. “Na tambaye ki.”

“Na sani.”

“To a loda kaya. In muka kama hanya yanzu, kafin la'asar muna can.”

“In muka tafi hadarin fa?” in ji Noemi, kuma ita kanta ta ji kunyar saurin da tambayar ta yi wajen fitowa. Ta fara kai da komo a gaban mota. “Wajen ƙanƙarar a cike yake, ba a buɗe shi ba. Ai yana kai kwana biyu, ko ba haka ba?”

“Da sanyi, ƙila,” in ji Wendell. “Watan Agusta muke, gida a rufe, ko fanka babu. Ba sai mun je ba ma. Babanki yana Belen. Ki hau wurin tankin can, akwai sabis, ki kira shi ya je ya mayar da waya. Magana ta ƙare.”

Magana ce mai sauƙi, kuma daidai ce. Ta hau tudun kusan a guje, duwatsu na zamewa a ƙarƙashin takalminta. Da sabis ya shigo, maƙwabciyarsu Ida ta fara kira, wai ta ɗauki makullin da ke ƙarƙashin tukunyar fure ta shiga, a rufe maganar a tsakanin mata. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. Ida ta haura tamanin, wayarta ta fi zama a jaka fiye da a hannu.

Sai ta buɗe sunan mahaifinta. Ta tsaya tana kallonsa, yatsa a sama. Ba faɗa take tsoro ba, Eloy bai iya faɗa ba. Shirun da zai yi take tsoro, sannan ya ce, “Abu ɗaya na roƙe ki.” Ta zagaya tankin, ta dawo, ta sake zagayawa. Ta ce wa kanta in suka gama da yamma suka kama hanya, za su isa da sauran sanyi a ciki, ta mayar da waya, ƙanƙara ta sake kamawa, babu wanda zai sani har abada. Tana cikin wannan lissafin ta ɗaga kai ta ga yamma. Gajimare ya fara taruwa a kan duwatsu, fari a sama, baƙi ƙirin a gindi, irin wanda ta rubuta a takarda tun bara. Ta sa waya a aljihu ta gangaro.

“Na yi waya,” ta ce musu. “Babu damuwa, an gyara.”

Lorna ta sauke ajiyar zuciya ta koma kan kyamara. Wendell ya daɗe yana kallon Noemi.

“Wannan muryar taki ta fim ce,” ya ce a hankali, yadda Lorna ba za ta ji ba.

“Ka kula da sautinka, Wendell.”

“Shi nake kula da shi.”

Hadarin ya zo yadda ba su ko yi mafarki ba. Iska ta kwantar da ciyawa, haske ya koma ruwan ɗorawa, walƙiya na tsaga sama a bayan mota. Noemi ta fito daga gida, ta sa hannu a aljihu, ta tsaya, kuma ba sai ta nemo komai daga nesa ba, abin yana nan a fuskarta. Suka ɗauka, ta ce a sake. Suka sake, ta ce sau ɗaya kuma. Wendell ya ce sun samu tun a na biyu, in za su tafi yanzu ne lokaci. Ta ce sau ɗaya kawai, hasken nan ba zai dawo ba. Da ta leƙa ta kalli abin da Lorna ta ɗauka, sai murna ta cika ta fal, don tunda take ba ta taɓa yin abu mai kyawun wannan ba. Ta yi murnar, ta kuma ji kunyar murnar, duk a lokaci guda.

Sai ruwa ya ɓarke. Kafin su gama tura kaya a mota, busasshen rafin da suka tsallako jiya ba tare da sun lura da shi ba ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Mai gidan shanun ya zo a kan doki ya dube shi ya ce ko tarakta ba ta isa ba, sai ruwa ya janye. Ta sake hawa tudu a jiƙe, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Da gari ya waye ruwa ya ragu, amma mota ta kafe a taɓo har gindi, sai da rana ta take aka janyo ta. Duk tsawon hanya ƙafar Noemi na bugun ƙasan mota har Lorna ta ce don Allah ta bari, tana sa ta ɗaukan taya ce ta kwance.

Da suka shigo layin da la'asar, abin da ta fara gani shi ne a-kori-kurar mahaifinta a bayan motarta. A bakin ƙofar kicin akwai baƙar leda babba a ɗaure, ƙudaje na zagaya ta, kuma ba sai ta tambayi abin da ke ciki ba.

Eloy yana tsaye a gaban murhu, tukunya na turiri. An goge ƙasa tas. Firij a buɗe, an kwashe komai an wanke cikinsa, wayarsa na nan a ƙasa inda Wendell ya yar da ita. Makullinta na tsakiyar tebur.

Wendell ne ya fara shigowa bayanta, hula a hannu. “Yallaɓai, ni na zare wayar. A gafarce ni.”

Eloy ya dube shi. “Kai ka zare, amma naka makullin yana aljihunka, ko ba haka ba? Je ka huta, ɗan nan, kun sha hanya.”

Wendell ya fita, ya ja musu ƙofa. Jim kaɗan ta ji motar Lorna ta tashi.

“Baba,” in ji ta.

“Surutun Tobias ne ya ishe ni, na dawo da safe,” ya ce, bai juyo ba. “Ina buɗe ƙofa na taka ruwa.” Ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa ya mayar. “Ida ta leƙo ɗazu. Ta ce ta ga kiranki jiya da hantsi, har sau nawa, ta neme ki ba ta samu ba.”



“Jiya da hantsi da na same su da sauran ƙanƙara.” Yanzu ya juyo. “Tawa lambar ɓacewa ta yi?”

“A'a, Baba.”

“To?”

“Tsoro na ji. Na ɗauka zan riga ka dawowa in gyara ba ka sani ba.” Ta ga tunda ta fara gara ta ƙarasa. “Kuma hadari ya taso. Ban so in bar shi.”

“Ya yi kyau, hadarin?”

“Ya yi kyau.”

“To madalla,” in ji shi, babu gatse a ciki, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta nufi wayar firij za ta ɗauka. “Bari in mayar maka da shi.”

“Bar shi. In sanyaya me?”

Ta janye hannu. Shirun nan na rannan ya dawo kicin ɗin, babu komai sai ɓararrakar tukunya. Ta fara magana da sauri, ta ce za ta nemo matar nan ta bakin kasuwa da ta iya tamale, za ta tambayi gwaggonta yadda Mama ke haɗa barkono, bari ma ta je yanzu kafin a rufe shago. Hannunta ya kai kan makulli tun kafin ta san ya tafi. Eloy ya riga ta. Ya ɗauke shi, ya juya shi a tafinsa kamar yana duba wani ƙarfen inji.

“Na daɗe ina tsaye ina tunanin me makulli ke yi kusa da madara,” ya ce. “Daga baya na gane. Dabara ce mai kyau. Wurin ajiyar ne bai dace da ke ba.” Ya sa shi a aljihun rigarsa na ƙirji, ya ɓalle maɓalli. “Zauna.”

Ta zauna. Ya kashe murhu, ya kwaso abin da ke cikin tukunya ya jera a faranti, ya ajiye a gabanta. 'Yan kaɗan ne, ba su cika farantin ba. Ƙamshin jan barkono da ɓawon masara ya tashi, ƙamshin kicin ɗin nan na kowace Kirsimeti, har sai da ta riƙe bakin tebur. Ta duba ta ga babu faranti a gabansa.

“Naka fa?”

“Nawa suna cikin ledar da kika tsallako. Su ne a baki-baki, su suka fara narkewa.” Ya ja kujera ya zauna yana fuskantarta. “Waɗannan suna can ƙurya, a dunƙule wuri ɗaya, tunda ba a taɓa ɗaga su ba. Na same su da sanyinsu. Duba bakinsu.”

Ta duba. Kowanne ƙulli biyu ne.

“Ranar da take yin su na ce mata yarinyar nan ba zuwa za ta yi ba, kina ɓata barkono. Ta ce a ajiye mata, wata rana za ta gaji ta zauna.” Ya tura mata farantin kaɗan. “Ba sa sake komawa ƙanƙara. Yau za a ci su ko a zubar.”

Hawaye suka zubo mata, ba irin na gaban kyamara da ta iya tsayarwa a inda take so ba. Baƙin ciki ne tsagwaronsa, na uwarta, da na mutumin nan da ta cinye wa ranakun haihuwa da na aure na shekaru masu zuwa saboda hadari. Ta ɗauki guda ɗaya, yana ƙona mata yatsu, ta kama zaren za ta fizge.

“Kada ki tsinke,” in ji Eloy. “Kwance shi. Hannunta ne ya ɗaura.”

Delfina ba ta ɗaurin wasa. Zaren ya sha turiri ya ƙara tamkewa, farce ɗaya ba ya shiga. Noemi ta ajiye tamalen a faranti, ta matso da kujera jikin tebur, ta sa hannu biyu. Ƙafarta na ta rawa a ƙarƙashin tebur, mahaifinta na zaune yana jira, ita kuwa ko ƙullin farko ba ta gama kwancewa ba.